Sunan da muke kiran cuta shi ke nuna inda za a fara kai mara lafiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan wannan jarida, dan Allah Malam Edita a ɗan sam min fili in fitar da abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda muke kiran sunayen cututtuka masu yaɗuwa da Hausa, ku 'yan jarida da 'yan rediyo da mu kanmu ma'aikatan lafiya. Ni dai ba likita bane kuma ba malamin Hausa bane, ma'aikacin lafiya ne a matakin farko a wani ƙaramin asibitin karkara a Jihar Jigawa, irin wurin da mutum ɗaya shi ne mai awo shi ne mai rigakafi shi ne mai ɗaura ruwa, to amma zaman da nayi a wannan aiki ya nuna min cewa sunan da mutanen gida suka raɗa wa ciwo shi ke yanke hukuncin inda za a fara kai mara lafiya. In aka ce shawara ce sai gidan mai magani, in aka ce hakin wuya ne sai wanzami, in aka ce sanyi ne sai kyamis, in aka ce iska ce sai wajen masu tofi da hayaƙi, mu kuma sai abin ya ci tura ake kawo mana, wani lokacin yaro ya riga ya galabaita babu abin da za mu iya yi sai rubuta takardar turawa babban asibiti a shiga neman mota da tsakar dare.

Bari in fara da mashaƙo tunda shi ne yafi ƙona min rai. Tun ƙarshen shekarar 2022 wannan cuta ta ɓarke a Kano, daga nan ta bazu Yobe da Katsina da Bauchi da Borno da nan Jigawa, har can Damagaram ta Nijar ba ta bari ba, kuma kowa ya san Kano ce tafi kowa ɗanɗana kuɗarta, dubban yara suka kamu ɗaruruwa suka rasu, mafi yawansu 'yan ƙasa da shekara 15 waɗanda ba a yi musu rigakafi ba ko an fara ba a ƙarasa ba. To a farkon abin in ka buɗe rediyo da safe za kaji an ce cutar sarƙewar numfashi, da rana wani gidan yace ciwon maƙogwaro, da yamma wani ya kira ta diftiriya kai tsaye ko fassara babu, sai daga baya aka fi tsayawa a kan mashaƙo. Kuma ka tuna a 2020 lokacin korona akwai kafafen da suka dinga ce mata murar mashaƙo wasu kuma sarƙewar numfashi, kai ma ka san yadda mutanenmu suka ɗauki korona, da yawa har gobe ba su yarda an yi ta ba, to da suka sake jin kalmar mashaƙo sai suka ce ai koronar ce aka canza wa suna ana so a ci kuɗi. Wannan da kunnena naji shi a majalisa, ba labari aka bani ba.

Alhali babu abin da ya haɗa su. Korona nau'in ƙwayar cuta ce da ake kira bairos, shi kuwa mashaƙo wani nau'in daban mai suna bakteriya ce ke kawo shi, ta zauna a maƙogwaro ta dinga fitar da dafi, ta shimfiɗa wani tantani mai ruwan toka a can ciki kusa da belu wanda in aka taɓa shi sai jini, wuya ya kumbura suntum numfashi ya dinga ƙara, dafin kuma ya bi jini ya taɓa zuciya da jijiyoyi, shi yasa za kaga yaro kamar ya samu sauƙi har ya fara wasa, bayan sati biyu ko uku sai zuciya ta gaza. Maganinsa akwai allurar karya dafin wadda sai a cibiyoyin da aka ware ake samunta, ga kuma maganin kashe ƙwayar cutar, kuma ita allurar dafin da wuri take amfani, in dafin ya riga ya shige nama ba ta iya ciro shi. Rigakafinsa kuwa kyauta ne, yana cikin allurar Penta da muke yi wa jarirai a cinya a sati 6 da sati 10 da sati 14.

Akwai wata kaka da ta kawo min jikarta a goye, yarinyar ba za ta wuce shekara shida ba, tace min ɗan nan hakin wuya ne ya hana ta haɗiyar ko koko, mun kai ta an cire mata belu amma abin sai gaba yake yi. Nace yarinya ta buɗe baki na haska da tocilar waya, wallahi Malam Edita wari ne ya fara dukana, ga tantanin nan ya rufe gefe da gefen maƙogwaro ga wurin da aska ta yanka yana tsattsafo da jini, wuyan ya kumbura har ba ka gane inda haɓa ta tsaya. Nace Iya wannan mashaƙo ne, tace a'a ɗan nan, mashaƙo ai na 'yan birni ne da ake faɗa a rediyo, wannan hakin wuya ne tun iyayenmu mun san shi. Kuma ban ga laifinta ba ko kaɗan, don duk sanarwar da taji babu wadda ta gaya mata cewa in kika ga ciwon wuya da kumburi da farin abu a maƙogwaro, wanda kike kira hakin wuya, to ki yi zargin mashaƙo kada ki bari a sa aska. Mun samu mota an wuce da yarinyar, muka bi gidan muka ba sauran yaran magani muka yi musu allura, to amma ita askar fa, bakin yara nawa ta shiga bayan wannan yarinya? Ba ina zagin wanzamai bane, mutanen kirki ne kuma jama'a sun yarda da su fiye da yadda suka yarda da mu, shi yasa ma ya kamata a ce su aka fara kira aka yi wa bayani da sunan da su suka sani. Wasu iyayen kuma hangum suka ɗauka ne, tunda shi ma kumburi ne a ƙarƙashin kunne kuma kowa ya san hangum yana sacewa da kansa, sai suka zauna jira.

Sai shawara, wadda a ganina ita ce kalmar da aka fi lafta wa kaya. Duk wanda idonsa yayi ɗorawa fitsarinsa yayi ja sai a ce shawara ce, alhali wannan alama ce kawai, cututtukan da ke ƙarƙashinta suna da yawa kuma kowacce da hanyarta. Akwai wadda kuke fassarawa da zazzaɓin shawara, sauro ne ke kawo ta kuma ba sauron maleriya ba, wani ne daban mai cizo da rana, ita ce ake yi wa yara allurarta a wata 9 tare da ta ƙyanda kuma ita ce ake tambayar katinta mai ruwan ɗorawa a filin jirgi, ta sake ɓullowa a Najeriya a 2017 daga Jihar Kwara, a 2019 kuma tayi ɓarna a Alkaleri ta Jihar Bauchi wajen Yankari. Akwai ciwon hanta nau'in B da C da ake ɗauka ta jini da aska da allurar da aka sake amfani da ita, na B har ta saduwa da kuma daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, mutum zai yi shekaru da shi ko ciwon kai baya yi sai ranar da ciki ya kumbura hanta ta riga ta lalace, kuma shi na B ɗin yana da rigakafi da ake so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa. Akwai ciwon hanta nau'in A da E na gurɓataccen ruwa, na E ɗin shi ne ya ɓarke a Diffa ta Nijar da Ngala ta Jihar Borno a 2017 cikin 'yan gudun hijira, mata masu ciki suka fi mutuwa. Maleriya ma in tayi tsanani tana sa ido yayi ɗorawa, haka sikila wadda ita ba ɗauka ake yi ba gado ce, ga kuma shawarar jarirai da in ta hau sosai take taɓa ƙwaƙwalwa. Duk waɗannan suna ɗaya muke kiransu, kuma sunan ya zo da hukuncinsa tun kaka da kakanni, wai asibiti ba su san maganin shawara ba, wai in aka yi wa mai shawara allura ko ƙarin ruwa shikenan sai buzunsa. Sai a jiƙa rawaya da sassaƙe iri-iri a yi ta ɗura masa a ƙara wa hantar da ta riga ta gaji aiki, matarsa da 'ya'yansa kuma babu wanda zai yi tunanin a gwada su. Roƙona a nan ƙarami ne, duk sanda za ku rubuta shawara ku ƙara mata kalma ɗaya, shawarar sauro, shawarar jini, shawarar gurɓataccen ruwa, shawarar jarirai, in mai karatu ya saba jin haka da kansa zai fara tambayar wacce daga ciki.

Ita ma kalmar sanyi haka take. Yaro na numfashi sama-sama haƙarƙarinsa na lotsawa, wato nimoniya, sai a ce sanyi ne ya kama shi a shafe shi da man zafi a lulluɓe da bargo. Tsoho gwiwa na ciwo, sanyin ƙashi. Magidanci na jin zafin fitsari yana fitar da mugunya, ciwon sanyi. Matar aure na ƙaiƙayi ko fitar ruwa, sanyin mata, yanzu ma an samo sabon suna wai infekshan ɗin banɗaki, masu tallan magani da lasifika a tasha da na Facebook da TikTok sun samu kasuwa. Illar wannan sunan na banɗaki ita ce yana wanke namiji tas, mace ta zo ita kaɗai a yi mata magani ta koma gida miji ya sake shafa mata ta sake dawowa, alhali in na saduwa ne sai an haɗa miji da mata da abokan zamanta an yi musu magani lokaci ɗaya, in ba haka ba a kwana a tashi hanyar ƙwai ta toshe haihuwa ta gagara a koma cewa kishiya ce tayi sammu, aure ya mutu a banza.

Wani abin da nake lura da shi a fassara shi ne komai sai a ce cuta mai yaɗuwa. A karatun da aka yi mana akwai bambanci, akwai cutar da ƙwayar cuta ce ta shiga jiki ta kawo ta, a cikin irin waɗannan kuma akwai wadda mutum ke ɗauka kai tsaye daga jikin ɗan'uwansa. Hausa ba ta rasa yadda za ta faɗi wannan ba, tsofaffinmu suna cewa ya kamu, suna cewa ya ɗauka, suna cewa an shafa masa, kuma tambayar farko da mai jinya ke yi min kullum ita ce, Malam ana ɗauka? Maleriya ana kamuwa da ita amma ba a ɗauka, ko kwano ɗaya kuke ci da mai ita babu komai sai in sauro ne ya cije shi ya cije ka. Tetanos ma haka, ƙwayarsa a ƙasa da kashin dabbobi take, ta rauni take shiga ko ta cibiyar jariri in an yanke da tsohuwar reza, baki ya sarƙe jiki ya sandare, amma mai jinya ba ya ɗauka. Ƙyanda kuwa da ƙarambau da tarin shiƙa da mashaƙo ana ɗauka ta numfashi in mai su yayi tari ko atishawa, ita ƙyanda ma ko ya fita daga ɗakin ƙwayarta na iya zama cikin iska har wajen awa biyu. Ƙazuwa da makero ta shafar jiki da tufafi da askar kai, shi yasa suka yi katutu a makarantun allo da na kwana. Rashin bambancewar nan ba ƙaramar illa yake yi ba. Mai kuturta da ya fara shan magani baya shafa wa kowa, maganin ma kyauta ne na wata 6 zuwa 12, amma za kaga an ware masa kwano da tabarma ana cewa gado ne an hana 'ya'yansa aure, a gida ɗaya kuma mai tarin fuka da bai fara magani ba yana kwana ɗaki ɗaya da jarirai taga a toshe da tsumma, don ana ganin fuka ce irin ta asma wadda ba a ɗauka. Shi yasa ni na gwammace a dinga cewa tarin tibi, a kuma faɗa cewa duk tarin da ya kai sati biyu a je a gwada majina, gwajin da maganin na wata 6 duk kyauta ne.

Ita kanta kalmar ƙwayar cuta bakteriya da bairos duk ita muke ce musu, to mutum na mura sai ya je kyamis yace a bashi kafso na kashe ƙwayar cuta, ja da yalo ko wani, a ƙirga masa guda huɗu a takarda ya sha, alhali mura bairos ce kafson baya taɓa ta, sai dai ya koya wa bakteriyar da ke jikinsa jure magani, ranar da ake buƙatar maganin da gaske sai ya ƙi ci. Ba laifi bane mu ari bakteriya da bairos mu rubuta su da Hausa kamar yadda muka ari asibiti da likita da allura, in dai za a dinga bayani.

Kwalara kuwa nata matsalar daban ce, ita ɓoye sunanta ake yi. Sau da yawa damina tayi ƙarfi ruwa ya kwashe masai ya zuba a rijiyoyi mutane suna ta faɗuwa, amma sanarwar da za ta fito sai tace amai da gudawa ne, ku ma ku buga haka. Na sani sai an kai samfur an gwada kafin a tabbatar, wannan gaskiya ne, amma amai da gudawa kowa na yi, wanda ya ci ɗanyen mangwaro ma yana yi, don haka kalmar ba ta tayar wa kowa da hankali, ita kuwa kwalara ƙaƙƙarfan magidanci take kayarwa cikin 'yan awoyi, zawo ya dinga zuba fari kamar ruwan wankin shinkafa ba ƙaƙƙautawa, ido ya faɗa fata ta yamutse murya ta dushe. A 2021 kaɗai waɗanda ake zargin sun kamu a Najeriya sun haura 100,000, waɗanda suka rasu sun haura 3,000, kuma Bauchi da Kano da Jigawa suna sahun gaba. In ba a tabbatar ba to a rubuta ana zargin kwalara ce, sannan a ƙara layi ɗaya a gaya wa mutane su fara ba mara lafiya ruwan gishiri da sukari na ORS tun daga gida, in babu na leda a haɗa lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta bashi yana kurɓa a hanya har a iso asibiti, wallahi wannan layi ɗayan yafi dogon jawabin kwamishina amfani.

Akwai kuma sunayen da muka gada masu ɗauke da tsohon imani a cikinsu. Shan inna asalinsa ai cewa ake yi Inna ta 'yan bori ce ta shanye wa yaro ƙafa, to wanda ya tashi da wannan fahimtar ta yaya za ka gamsar da shi cewa ɗigo biyu a baki zai hana? Ba ina cewa sunan ne ya jawo aka dakatar da rigakafin foliyo a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004 ba, akwai tsoro da rashin yarda da suka samo asali tun gwajin maganin da kamfanin Pfizer yayi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, kuma tsoron mutane yana da dalilinsa, amma dai sai da sarakuna da malamai suka shigo suka dinga bayani da bakin da mutane ke ji cewa ƙwayar cuta ce da ke bin kashi da ruwa ta shiga baki, kafin aka kai ga sanarwar watan Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar foliyo. Ni ban ce a daina cewa shan inna ba, ya riga ya zauna, amma a dinga haɗa shi da bayanin. Haka ƙyanda da ake wa laƙabi da baƙon dauro, har yanzu akwai gidajen da ke cewa ba a kai mai ita asibiti ba a yi masa allura, a ɓoye yaro a ɗaki ana jira ta gama fitowa, sai ta faɗa ƙirji ko ta ci masa ido, alhali bitamin A da muke bayarwa kyauta yana rage wannan haɗarin sosai.

Ƙanjamau shi kuma sunan ne da kansa yake yaudara. Lokacin da aka raɗa shi babu magani, duk wanda aka gani da cutar ya rame ya ƙanjame, har ana ce mata kabari kusa. Yanzu kuwa mai shan maganinsa a kan ƙa'ida ɓul-ɓul za ka ganshi yana noma yana kasuwa yana haifar 'ya'ya lafiyayyu, wanda bai san yana ɗauke da ita ba shi ma zai iya shekaru bai rame ba. To sai kaji uban yarinya yana nuna mai neman aurenta yana cewa dubi jikinsa mana wannan ina ya ga ƙanjamau, ba sai an yi gwaji ba. Cuta mai karya garkuwar jiki da kuke yawan rubutawa yafi dacewa duk da tsawonsa, musamman yanzu da Kano tayi dokar gwaji kafin aure a 2024, don in sunan na tsoratarwa ne mutane takardar bogi za su nema.

Ba duka aka taru aka lalace ba, dole in yaba inda aka yi daidai. Duk wanda ya fara cewa zazzaɓin cizon sauro Allah Ya saka masa da alheri, sunan kaɗai ya gaya maka gidan sauro kake buƙata. Haukan kare ma haka. Agana da kurkunu kuwa yaran yanzu da yawa ko sunan ba su sani ba, agana an sanar da ƙarewarta a duniya a 1980, kurkunu an tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013, kuma da sunayen nan na gida aka yi yaƙin ƙauye-ƙauye ana raba matatar ruwa. Zazzaɓin Lassa kuwa sunan wani gari ne a Jihar Borno inda aka fara gano shi a 1969, mutanen garin ba su ji ba ba su gani ba an liƙa musu, tun 2015 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina sa wa sababbin cututtuka sunan gari ko na mutum. Zazzaɓin ɓera da wasu ke cewa yafi koyarwa tunda yana tuna wa mace ta rufe abinci kada ta shanya hatsi a inda ɓera ke fitsari, sai dai a dinga ƙarawa da cewa ana ɗauka daga jini da ruwan jikin mara lafiya, ba mu manta da likitocin da muka rasa a Kano a farkon 2020 ba. Ƙyandar biri kuma gaskiya ba ƙyanda bace, 'yar'uwar agana ce, kuma na taɓa jin uwa na cewa ai nata 'ya'yan an yi musu allurar ƙyanda don haka ba ruwansu, kaga sunan ya ba ta kwanciyar hankalin da ba ta da shi.

Nasan akwai masu cewa babu wani ɗaukar cuta sai abin da Allah Ya ƙaddara, wannan fagen malamai ne ba nawa ba, kuma babu musulmin da ke musun ƙaddara. Amma malaman ne suka karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta sauka ya kuma hana na ciki fita, ya hana a haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya, kuma Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da yaji labarin annoba yace gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Saboda haka killacewa ba baƙon abu bane a wajenmu, in da za ku dinga gayyato malamai suna faɗin wannan duk sanda cuta ta ɓarke da aikinmu yayi sauƙi ƙwarai.

Abin da nake roƙo Malam Edita, ku editocin jaridu da na rediyo ku zauna da malaman sashen Hausa na Jami'ar Bayero da ABU Zariya da ta Usmanu Ɗanfodiyo, da mutanen NCDC, wato hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, da hukumomin lafiya a matakin farko na jihohi, kuma dan Allah kada a bar ungozoma da wanzamai da masu kyamis a waje don su ke jin sunan da mutane ke faɗa a zaure da cikin gida, a kuma gayyato 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram tunda wanda ya ci kasuwar Maigatari ko Jibiya ko Illela yau gobe yana tsallaken iyaka kuma rediyo ɗaya muke saurare. A fitar da jerin sunaye guda da kowa zai dinga amfani da shi, in sabuwar cuta ta ɓullo a tsayar da suna cikin satin farko kafin kowa ya raɗa nasa. Kafin a kai ga wannan zaman kuma ku a jaridarku za ku iya farawa, duk labarin ɓarkewar cuta a sa ɗan akwati a gefe a rubuta sauran sunayen da mutane ke kiranta da su, ana ɗauka ko ba a ɗauka, ta wace hanya, wace alama ce in an gani ba a kwana a gida.

In za ku karɓi shawarata ku fara da sanƙarau kafin zafi ya shigo, don daga hunturu zuwa saukar ruwan farko ne lokacinsa, ga ƙura ga cunkoso a ɗaki ɗaya. A 1996 ya kashe mutum sama da 11,000 a Najeriya, a 2015 ya afka wa Yamai, a 2017 ya dawo ta Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi ya kashe sama da 1,000, kuma duk da a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar, ba kowane yaro ta isa gare shi ba. Sunan sanƙarau yana da kyau ga babba da yaro mai wayo don wuyan yana sanƙarewa da gaske, amma jariri sau da yawa wuyansa baya sanƙarewa sam, zazzaɓi ne da kuka mai tsini da ƙin kama nono da maɗiga ta kumbura tayi tauri, wani ya dinga barci ba ya farkawa ko ya fara jijjiga, iyaye kuma suna taɓa wuya su ji yana lanƙwasuwa su ce ba shi bane, tsuntsu ne ko haƙori. Dan Allah ku rubuta wannan da manyan baƙi ku kuma roƙi gidajen rediyo su karanta shi a filin mata da safe.

Nagode, Allah Ya ƙara wa wannan jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani ma'aikacin lafiya a matakin farko,
daga Jihar Jigawa.